Balangun Dogo

Lurwanu mai gyaran waya ne a bakin tashar Agiye, amma abin da ya fi ɗaukar masa rai shi ne ɗan jirginsa mai fanka huɗu, wanda ya harhaɗa da hannunsa guntu-guntu. Shekara biyu yana tashinsa bai taɓa samun hoton kirki ba. Injinan na girgiza, iska na kaɗa shi, duk abin da ya ɗauko sai ya fito yana rawa har mai kallo ya ji jiri. Da kakar bana wani direba ya kawo masa kyamara daga Maraɗi, 'yar mitsitsiya kamar akwatin ashana, irin wadda masu tseren moto ke ɗaurawa a hular kwano. Ita da kanta take daidaita hoto: jirgin ya karkata, ya yi tsalle, hoton na nan zaune daram. Ya sa mata soso a ƙarƙashi, ya ɗaure ta da roba a goshin jirgin. Nauyinta na shanye batir, minti shida sai ya sauko, kuma ba ya ganin abin da ta ɗauka sai ya zare katin ya sa a waya.

Ranar kasuwar Gangara ya hau moto, wato babur, da hantsi, ya nufi gonar Gwaggo Tani, ƙanwar mahaifinsa, don ya gwada ta a kan dammunan gero. Jirgin ya zaga gonar, ya wuce kwarin da ke bayanta, ya juyo ƙasa-ƙasa har sau uku. Da ya sauko, Lurwanu ya naɗe kayansa ya shiga kasuwa, sai bayan azahar ya tsaya wurin Dogo mai balangu, wanda ya saba saye hannunsa tun yana ɗan makaranta a lakol.

"Yau nama ya samu," in ji Dogo, yana ƙara masa yanka biyu a kan takardar. Ya barbaɗa yaji da yawa.

A rumfar gidan Gwaggo ya sa katin a waya, ya buɗe takardar. Ita ta ce haƙoranta ba su iyawa, ta dai matso ta ga gonarta daga sama. Yana tauna yana murmushi, don hoton ya fito lumui kamar ana tafiya a kan ruwa. Har karan gero ana iya ƙirgawa. Sai jirgin ya leƙa kwarin.

Ga mutum durƙushe gindin wata ƙaya, moto jingine kusa da shi. A gabansa akuya ce kwance, ciki ya kumbura tim, ƙafafu a sanƙare sama. A zagaye na biyu jirgin ya ƙara yin ƙasa. Ƙudaje sun yi baƙi a bakinta, wani ruwa kore-kore ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashinta. Mutumin ya ɗaure hanci da rawani, yana yankar cinya. Ya karkaɗe wani abu fari daga jikin naman da bayan wuƙa, ya jefa cinyar cikin buhu.

"Innalillahi," in ji Gwaggo. "Ai akuyar Wada ce, maƙwabcinmu. Shekaranjiya ta mutu, ba a samu yankawa ba. Da idona na ga an ja ta an jefar."

A zagaye na uku mutumin ya ɗaga kai ya dubi sama. Dogo ne.

Lurwanu ya dubi takardar. Saura yanka uku. Ya tashi bai kai bayan gida ba, ya durƙusa bakin danga ya yi ta amai har hawaye suka zubo masa. Gwaggo ta kawo masa buta. Ya kurkure baki sau biyar, ya goga gawayi a harshe, amma maiƙon na nan manne a dasashinsa, ƙamshin yajin ma ya koma masa ɗoyi.

Da ya iya tsayawa sai ya koma kasuwa, ya nemi Barmo, sarkin fawa, ya ja shi gefe ya miƙa masa wayar. Tsohon ya kalla, ya tofar da yawu. Ya sa aka kira Dogo.

"Fata na je ɗauka, Sarki," in ji Dogo. "Fata kawai. Kuma daga sama wa zai gane abin da mutum ke yi?"

Lurwanu ya tsayar da hoton daidai inda cinyar ke shiga buhu, ya buɗe shi da yatsu biyu. Har ɗinkin bakin buhun ana gani, shuɗin zare ne. Barmo ya sunkuya ƙarƙashin teburin Dogo ya jawo buhu mai shuɗin zare. Da ya kwance bakinsa, waɗanda ke kusa suka ja da baya suna toshe hanci.

Kafin a haƙa ramin binne naman, kasuwa ta ji. Aka yanyame Lurwanu. Wannan ya ce a turo masa a waya, wancan ya ce a mayar baya inda tsutsa ke faɗuwa, suna ta sheƙa dariya. Wani ma da sauran balangun a hannu, yana kallo yana ci, wai wuta ta riga ta kashe komai. Lurwanu ya kashe wayar, ya sa aljihu.

Barmo ya raka shi har wurin motonsa. "Ɗana, na kore shi, ba zai sake kafa tebur a nan ba. Amma ka rufa mana asiri. In wannan abu ya shiga wayoyin mutane, mahautan kirki fiye da goma ne za su kwana da namansu."

Lurwanu ya yi alkawari. Wata guda ko romo bai iya sha ba. Matarsa Basira ta gaji da tambaya, ta koma dafa masa wake da shinkafa.

Bayan sanyi ya shigo, wani direba ya kawo waya gyara. Ana cikin hira ya ce ya ci wani balangu mai daɗi da araha a wata kasuwa can wajen Sae Sabuwa, hannun wani sabon mahauci, dogo, ɗan Gangara.

Lurwanu ya ajiye abin da ke hannunsa. "Ka san sarkin fawan wurin?"

"Surukin ƙanena ne."

"To zauna," in ji Lurwanu, yana lalubo katin a cikin aljihun tebur. "Zan sa maka wani abu a waya ka kai masa. Amma in ka ci abinci yanzu, kada ka kalla tukuna."