Itacen Jikan da ke Cikin Ƙanƙara

Kullum da hantsi malamar asibiti takan zo gidan Sahura a Bukkuyum ta yi mata allura. Allurar ce za ta shirya mahaifarta kafin ta koma birni a dasa mata ƙwan da likitoci suka haɗa, nata da na mijinta Namadi, suka adana cikin ƙanƙara. Sun daɗe da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba.

Maganin yana saukar mata da kasala. Takan kwanta a inuwar dogonyaro, ido rabi a rufe, sai ta riƙa ganin wani ɗan mitsitsin yaro, bai kai ƙwayar gero ba, yana barci cikin farin tururin sanyi. Yakan yi ta juyi kamar mai laluben mayafi.

Ran kasuwa ƙarar zubar da itace ta farkar da ita. Mahaifiyarta ce ta sa aka kawo amalanke guda.

"Inna, mi za a yi da icce haka?"

"Na wankan jegonki."

"Ai ko dasawa ba a yi ba. Sai ciki ya tsufa ake tara icce, dariya za a yi muna."

Inna ta ci gaba da jera itacen a gindin katanga. "Ɗiyan mutane cikin ɗumi suka fara. Nawa jikan cikin ƙanƙara aka aje shi, ko zane babu. Ran da ya iso, wuta ba ta mutuwa gidan ga."

Sahura ta lumshe ido. Yaron ya daina juyi, ya fuskanto gida.