Sunayen da Kwamfuta Ta Tsallake

Majeed ya sake danna maɓallin kwamfutarsa, ya matse abin sauraro a kunnuwansa. Muryar mahaifinsa ta taso tare da kukan goge, ta yi tafiya kaɗan, sai ta sarƙe, ta haɗiye rabin suna, ta ɓullo a wani wurin. Haka abin ya yi ta yi har ƙarshen minti arba'in.

Baba Imoru ya shekara hamsin yana goge a bukukuwan unguwarsu ta Zogbeli, amma waƙar da ke jera kakannin gidansu bai taɓa yarda a naɗa ba. Tun da aka sallamo shi daga asibiti, magana ma da ƙyar yake yi. Yau da hantsi kawai ya nemi gogensa, ya ce Majeed ya kawo na'urar da yake naɗa wa mawaƙan unguwa waƙa. An ɗauke wuta, don haka da batir aka yi aikin. Tsohon ya rera ta daga farko har ƙarshe, muryarsa ras.

Yanzu yana kishingiɗe a tabarma, gumi ya jiƙe masa riga, yana kallon ɗansa.

"Ta kama?"

"Ta kama, Baba," in ji Majeed, ya rufe kwamfutar.

Ya hau babur sai unguwar Bulpiela, shagon Fiifi, wani mutumin kudu mai gyaran kwamfuta. Fiifi ya saurari minti ɗaya, ya tambaya ko da batir aka naɗa. Ya buɗe wurin saitin wuta, ya nuna masa da yatsa. In babu lantarki, in ji shi, kwamfutar kan rage wa ƙwaƙwalwarta gudu don batir ya daɗe, sauti kuwa ba ya jira, duk abin da bai shiga a lokacinsa ba ya wuce. Ya kashe wannan saitin, ya mai da gudun cikakke, ya ce a riƙa ɗora ta a kan wani abu don ta sha iska. Gyaran bai kai minti uku ba.

Majeed ya tambaya ko za a iya dawo da wuraren da suka yanke.

"Abin da bai shiga ba, ba shi ciki, ɗan'uwa," in ji Fiifi da Hausarsa ta kasuwa. "Ka ce ma tsoho shi yi kuma."

Bayan la'asar Majeed ya kafa makirufo a gaban mahaifinsa, ya ce yana so a samu guda biyu saboda tsaro. Tsohon bai musa ba. Ya ɗora gogen a cinya, ya ja sau biyu, ya kira suna na farko da na biyu. A na uku ya tsaya, leɓɓansa na motsi. Ya koma farko, ya sake tsayawa a nan. Sai ya jingine gogen a bango.

"Sun tafi daga kaina," ya ce a hankali. "Alhamdu lillahi da na ba ka su da safe."

Majeed ya kashe makirufon. Ya gyara masa matashi, ya jira har numfashinsa ya daidaita, sannan ya fito.

Yayarsa Maltiti tana tuƙa tuwo a tsakar gida. Ya tsuguna kusa da murhu ya gaya mata gaskiya. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta sauke tukunyar, ta goge hannu a zani, ta ce ya kawo littafi da biro, tana yarinya takan bi Baba wurin biki, wataƙila wani abu ya zauna mata.

Suka zauna a bakin ƙofar kicin, sautin ƙasa-ƙasa don kada tsohon ya ji. Duk inda muryar ta yanke, Majeed ya tsayar, Maltiti ta rufe ido. Wurare goma sha tara suka ƙirga. Ta cike biyar. Akwai wata mata cikin kakannin da sunanta ya fara da "Na", ta yi ta juya shi a baki, bai zo ba.

Ta tambaye shi me zai rubuta a sauran.

"Zan bar wurinsu," in ji shi. Ya ja layi, ya tsallake, ya danna na gaba.