Ranar da Hajiya Ta Wanke Kuɗin Rumawa

Shekara goma sha ɗaya Maharazu ya yi yana tara tsofaffin kuɗin Rumawa. Aikinsa ɗaukar hoton ƙashi ne a wani asibiti, yana zaune a unguwar Edmonton ta birnin Landan da matarsa Luba. Kuɗin sun haura tamanin, yana ajiye su a wani akwatin katako, kowanne a raminsa da 'yar takardarsa. Yawancinsu tagulla ne, tsufa ya rufe su da wani kore mai duhu. Wannan koren shi ne darajarsu a wurin masu sana'ar, ko da yatsa ba a son gogarsa.

Da bazara mahaifiyarsa, Hajiya Zinatu, ta zo daga Kano za ta yi musu wata biyu. Mace ce da ba ta iya zama hannu biyu. Cikin sati guda ta wanke labule, ta kankare gindin tukwane, ta sake wa Luba tsarin kicin.

Wata Talata ya dawo daga aiki da la'asar, Luba ba ta dawo ba tukuna. Tun daga ƙofar gida ƙamshin lemon tsami ya tare shi. Yana shiga kicin ya tsaya cak. An shimfiɗa tawul a kan tebur, ga kuɗinsa jere reras, jajir, suna ƙyalli kamar sababbin kwabbai. Gefe guda ga roba da ɓawon lemo, ga gishiri, ga soson waya.

"Likita, ka dawo?" in ji Hajiya, tana goge hannu. Haka take kiransa, don ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa. "Na ga kayan nan duk sun yi tsatsa, na ce yaron nan ba shi da lokaci. Tun safe nake kansu. Wasu sai da na jiƙa su sau biyu."

Jakar da ke hannunsa ta faɗi. Ya ɗauki ɗaya daga cikin kuɗin, ya ga fuskar sarkin da ke jiki ta shafe, sai zane-zanen soso. Ya ja kujera ya zauna.

"Lafiya? Ko ban fitar da su sosai ba?"

"Sannu da aiki, Hajiya," ya ce. Muryar kamar ba tasa ba.

Da Luba ta shigo ta ga teburin, sai ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Hajiya, ai waɗannan ba a wanke su. Sun fi shekara dubu da ɗari bakwai!" Maharazu ya yi mata ido, amma magana ta riga ta fita. Hajiya ta dubi ɗanta, ta dubi hannayenta da lemo ya yi wa fari, ta juya ta shige ɗaki. Ranar ba ta ci abinci ba.

Ran Asabar ya kwashi kuɗin ya kai wa Margaret, wata dattijuwar Baturiya mai ƙaramin shagon tsofaffin kuɗi a tsakiyar gari, wadda a hannunta ya koyi harkar. So yake ya ji ko da abin da zai gyaru. Da ta buɗe akwatin sai ta cire tabarau ta rufe ido.

"Wa ya yi wannan?"

"Mahaifiyata."

Ta fara duba su ɗaya bayan ɗaya da madubin ƙara girma, tana girgiza kai. Can ta zo kan wanda ya fi so, mai hoton Karausiyus, sarkin da aka buga wa kuɗi a nan Landan. Ta daɗe a kansa. Ta juya shi ta gefe, ta matso da fitila.

"Maharazu, zo ka gani."

Ya leƙa. Ƙarfen da ya bayyana ba ja ba ne kamar sauran, toka-toka ne, da ƙananan ramuka. Ga kuma wani siririn layi ya zagaye bakinsa.

"Narka shi aka yi aka zuba," in ji ta. "Rumawa buga irin wannan suke yi da guduma. Na jabu ne. Koren da ke kansa fenti ne."

"Ba zai yiwu ba. A wurin mutumin nan na saya, wanda kika haɗa ni da shi."

Fuskar Margaret ta yi fari fat. Ta ware guda tara daga cikin akwatin, duk masu layin nan, duk daga hannun mutum ɗaya. Sai ta miƙe ta jawo wani faranti daga kabad ɗinta, shi ma kayan mutumin ne. Ta ɗiga ruwan goge farce a auduga, ta shafa a kan ɗaya. Audugar ta fito koriya shar. Ta gwada na biyu, haka. Na uku, haka.

"Shekara shida ina sayen kayansa," ta ce. "Na sayar wa mutane da sunana. Har da wata makaranta."

Ta je ta kulle ƙofar shagon da rana tsaka, ta zauna ta ɗauki waya. Layin mutumin a kashe yake.

Maharazu bai san yadda ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauka ba. Da ya isa gida ya tarar da akwatin Hajiya a falo, ta haɗa kayanta. Luba ta ce a hankali, "Tun ɗazu take cewa in yi mata changing ɗin tikiti."

Ya durƙusa a gabanta ya ba ta labarin duka: fentin, audugar, shagon da aka kulle.

"Jabu?" Hajiya ta zaro ido. "A Ingila? Baturen ne ya yi maka jabu?"

"Shi ne, Hajiya. Da ba ki wanke ba, da har yau ba mu sani ba."

"Sauran fa? Na gaskiyar?"

Ya girgiza kai. "Ba za su koma yadda suke ba."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. "Ka yafe mini, Likita."

"Haba Hajiya, ni ne ban gaya miki ba." Ya ɗauki akwatinta da kansa ya mayar ɗaki.

Litinin shi da Margaret suka kai rahoto wurin 'yan sanda. Kafin watan ya ƙare mutum goma sha huɗu sun dawo mata da kayan da suka saya, ta karɓa ba musu. Mai jabun kuwa ya tashi daga gidan da yake haya, ba wanda ya san inda ya nufa.