Kunnen Yaya

Sai da na yi kwana uku ina yi wa Yaya naci kafin ya yarda ya je asibiti. Kamfanin motocin safa ne zai ɗauke shi shugaban kanikawa, abin da ya rage kawai takardar gwajin lafiya, amma mutumin nan ya kafe kamar jaki a bakin gada. Na ce masa aikin da mutum ɗari ke nema ba za mu bar shi ya wuce saboda tsoron allura ba.

Wa zai ƙi ɗaukar Yaya? Mota tana shigowa garejinsa zai karkata kai, ya ɗora hannu a kan inji, ya ce filogi na uku ne. A buɗe, filogi na ukun ne. Kowa ya ce baiwa ce, har ana kiransa Mai Kunne. Ni ma wata takwas na yi ina koyo a gefensa, ina jin ƙara dai kamar kowa, na ce abin nan na wanda Allah ya ba ne. Na ajiye sifana na koma sayar da takalma, shekara ashirin ke nan.

An gwada jini, an gwada ido, sannan aka kai mu ɗakin gwajin ji. Likitar ta sa masa abin saurare a kai, ta ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Ina ta bayan gilashi ina kallo. Ta danna, shiru. Ta ƙara, har ni da ke waje na ji. Yaya yana zaune, hannunsa a kan gwiwa, yana kallon bakinta.

Na ce, "Likita, na'urarku ta lalace. Kin san ko wane ne wannan?"

Ta ce, "Na'ura lafiyarta ƙalau. Kunnen dama a mace yake, kuma ya daɗe. Na hagu saura kaɗan. Malam, tun yaushe?"

Yaya ya ce, "Tun zazzaɓin da na yi ina ɗan shekara tara."

Na juya na kalle shi. Ashe duk kiran da ake yi masa ta baya ya ƙi juyowa, muna cewa girman kai ne, ba ya ji ne. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ban sani ba.

Likitar ta ce ba za ta iya rubuta abin da ba shi ba ne, kuma kamfanin ba ya ɗaukar wanda ya faɗi wannan gwajin. Ta sa hannu a takardar ta miƙa masa.

A bencin waje na ce, "To injin fa? Da me kake ji?"

Ya zaro sukudireba daga aljihu, ya dafa bakinta a ƙarfen bencin, ya danna ƙotar a muƙamuƙinsa. "Haka na fara. Duk motar da ta shigo, mai lafiya da marar lafiya, sai na ji rawarta a ƙashina. Shekara shida ina yi, ina kuskure, ina shan zagi, kafin tafin hannuna ya iya shi kaɗai. Karkata kan kuma don in ga bakin mai motar ne."

Haushi ya kama ni. Na ce, "Kana kallo na bar sana'ar da nake so, ka yi shiru?"

"Kunya ta hana ni. Na ce in aka sani ba wanda zai ƙara kawo mini mota." Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. "Ranar da ka tafi ban iya cin abinci ba. Kai kana da kunnuwa biyu masu lafiya, ni ina da hannu. Na so ka zauna kusa da ni, in kunnen da ya rage mini ya mutu, ka riƙa ji mini."

Na buɗe baki na ba shi haƙuri, amma ya riga ya juya yana neman ƙofar fita, bai ji ni ba.