Ƙafar Mai Tayil

A hawa na biyu Direba ya tsaya ya gyara goyon. Maƙwabcinsa Mai Tayil ne a bayansa, ƙafar hagu tana reto tana bugun matakala.

"Ka yi nauyi, mutumina."

"Kai ne dai ka tsufa," in ji Mai Tayil yana cije leɓe.

Matarsa na biye da su rungume da filo. Tun da aka yi wa mutumin aiki, Direba ke jigilarsa asibiti, har motar ta haddace hanya. Jijiyar jini ce ta toshe masa a cinya, likitoci suka sa wata siririyar roba ta kewaye wurin, jini ya riƙa bi ta ciki har ƙasan gwiwa. Suka ja masa kunne kan doguwar durƙusawa. To, mai shimfiɗa tayil a ƙasa da me zai yi aiki in ba gwiwa ba? Ya daure a gida har zaman ya gundure shi, ya karɓi aikin wani banɗaki a ɓoye.

Wajen shigar da shi mota hannun Direba ya taɓa ƙafar. Sanyi ƙalau.

"Tun yaushe take haka?"

"Tun shekaranjiya," in ji matar. "Ya ce in na faɗa maka bai yafe ba. Wai ya isa haka, ya gajiyar da kai."

Direba ya tayar da mota. Ya gaji ɗin, amma bai san fuskarsa ta nuna ba.

Likitar ta daɗe tana neman bugun jini a ƙafar kafin ta tura su hoto. Da sakamako ya fito ta ja kujera ta zauna.

"Baba, robar ta goce daga inda muka ɗinke ta, ta lanƙwashe a bayan gwiwa. Jini ya daina sauka. Naman ya riga ya mutu, sai dai a cire ƙafar."

"Ku gyara ta mana, 'yata. Ni ma in tayil ya karkace ɗaga shi nake in sake zaunar da shi."

"Da tun ranar kuka zo, da mun gwada."

Ya ce atafau da ƙafarsa zai koma gida. Matar ta yi magiya har muryarta ta dushe. Sai da zazzaɓi ya kwantar da shi ya yarda, aka yanke, amma gubar ta riga ta bi jini.

Direba yakan leƙo da rana in ya sauke fasinja. Zuwansa na ƙarshe, Mai Tayil ya buɗe ido da ƙyar ya kama masa gefen riga.

"Banɗakin mutanen nan, saura layi ɗaya a bakin ƙofa. Ka samo musu wani. Kada su kira mai gaggawa ya ɓata aikin."

"Zan samo."

Washegari da hantsi yana cikin cunkoso matar ta kira.

"Baban yara ya cika," ta ce, ta kashe wayar.

Bayan 'yan kwanaki ya koma aiki. Wata dattijuwa ta tsayar da shi, ta buɗe ƙofar gaba, ta tsaya tana kallon kujerar. Kujerar na nan a ture can baya, an kwantar da bayanta, yadda mai ciwo zai miƙe ƙafa.

"Malam, a gyara mini wannan."

Ya kai hannu ƙarƙashin kujerar, ya ɗan jima, ya janye.

"Shiga baya, Hajiya, ya fi iska."

Ta shiga tana mita. Ya hau titi a hankali, rana na dukan kujerar da ba kowa.