Motar Maiwada a Bakin Rafi

Kafin kowa a ƙasar Gozaki ya san ƙarfin mota yana iya zubewa tsakanin inji da taya, ni na gani da idona. Ban yi boko ba, amma ina cikin motar.

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru ne Maiwada, babban manomin garinmu, ya je Funtua sayen motar katako. Mai sayarwa ya ɗora bayanta a kan kututture, tayoyi a sama, ya taka totur. Inji ya yi ruri, tayoyi suka juya har ba a ganin zanensu. Maiwada ya ce wannan ko dutse za ta ja. Ba wanda ya ce a gwada ta da kaya.

Direbansa Dogo bai so a saye ta ba, amma ya tuƙo ta gida.

Ran kasuwar Bakori, cikin damina, aka cika ta da dawa, mutane a kai. Can ƙololuwar buhuna aka ɗora Marka, uwar Dogo, wadda ƙafafunta suka daɗe da mutuwa, za a kai ta wajen mai magani. Muka gangara rafin da ba gada, ruwa iya idon sawu. Da muka zo hawa gaɓar can, Dogo ya sa giya ɗaya ya taka. Inji ya yi kuka kamar zai tsage, mota ko gezau. Warin ƙuna ya taso daga ƙarƙashin kujera.

"Taka, Dogo! Ba ka jin muryarta?" in ji Maiwada.

"Muryar ce kawai, Maigida! Kuloci ya ƙone, ƙarfin ba ya isa baya. A zubar da buhuna!"

"Dawar tawa? Uwaka ce ta nome ta?"

Sai aka ji gurnani daga gabas. Ruwan da aka yi can sama ne ke tahowa. Fasinja suka yi ta dirowa, kowa ta kansa. Dogo ya san in ya ɗaga ƙafa daga birki, mota za ta koma baya da tsohuwa.

"Dutse! Ku sa dutse a taya!"

Mutum biyu muka tsaya, muka cusa duwatsu, ruwa ya kai mana cinya. Dogo ya saki birki. Motar ta yi baya kaɗan, ta cije. Ya haye buhuna da rarrafe.

"Inna, kama wuyana."

"Tsaya, ƙunshin tabata ya faɗi."

"Inna!"

Ya goya ta ya diro. Bai gama hawa gaɓa ba, jan ruwa ya daki motar, ya kwantar da ita, dawa ta bi rafi. Marka ta leƙo ta kafaɗarsa ta dubi Maiwada.

"To, Sarkin Noma, ga amaryarka can tana wanka."

Wanda ya ce ƙarya nake, ya ɗauki fartanya da rani ya same ni. Farfelarta, ƙarfen nan mai kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, na nan cikin yashi. In bai tono ta ba, ya aske mini gemu a tsakiyar kasuwa.