Ɗakin da Inna Ta Share wa Batula

Mijina Munzali malamin tarihi ne a Dutsin-Ma, amma kada ka tambaye shi tarihin Katsina. Shi aikinsa a kan wasu ƙabilu biyu ne na can Amurka, Seneca da Cherokee. Ni ke buga masa rubutun a kwamfuta, har na san su kamar dangina. Tsofaffin takardun da yake tonowa sun nuna sun daɗe suna kai wa juna hari, suna kwashe yara su raine su tamkar 'ya'yan cikinsu. Da aka yi sulhu aka ce kowa ya koma gida, wasu suka ce ai suna gida.

"Kai, abin tausayi," in ji shi, yana kurɓar shayi. Wallahi ko a jikinsa.

To ga tamu. Tun yaye aka ba Gwaggo Turai, yayar babansu, riƙon ƙanwarsa Batula a Kurfi. Daga baya Baba da Gwaggo suka ɓata kan gonar gado, ƙafa ta ɗauke shekara da shekaru. Inna, mahaifiyarsu, kara ta hana ta cewa a maido mata ɗiya. Sai bara dattawa suka sasanta.

Ranar nan Inna ta share ɗaki, ta shimfiɗa sabon zanen gado, ta ce a je a taho da Batula.

Na ja Munzali gefe. "Malam, ka fara jin ta bakin yarinyar mana. Kai fa ka karanta irin wannan."

"Haba Rahamatu! Wancan tarihi ne, wannan jini."

Na bi shi Kurfi, raina ba daɗi. Batula ta zama budurwa, kamarsu ɗaya sak da Munzali. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Malam," ta kawo mana ruwa a kofin baƙi. Gwaggo ta ji abin da ya kawo mu, ta ce, "Ga ta nan, ai taku ce."

Batula ta sunkuyar da kai. "Ku yi haƙuri, ba zan iya barin Innata ba, ƙafa ke damunta. Amma don Allah ku gaida mini Kawu da matarsa."

Baba ya zama Kawu, Inna kuwa matarsa! Matar da ta yi naƙudarta. Na dubi Munzali, mai bakin tsayawa gaban aji, sai ya miƙe ya nufi mota. Har muka iso Dutsin-Ma bai kunna rediyo ba, ni kuwa ga haushinsa, ga tausayinsa.

Muka tarar da Inna a zaure. Ba mu ta duba ba, kujerar baya ta leƙa.

"Tana gaishe ki, Inna," in ji Munzali.

Ta juyo ta dube shi. "Da wane suna ta kira ni?"

Ya kasa ɗago kai. Inna ta juya ta shiga ɗakin, muna tsaye muna kallo ta yaye zanen gadon ta ninke.